Azumin Ranar Laraba a Gidana

Goggo, don Allah ki taimake ni kafin Laraba ta zagayo, don in na je taron nan da wannan zuciyar sai an ji kanmu har gadar Binuwai.

Ni Kirista ce 'yar garin Poli, a unguwar Yelwa nake zaune nan Garwa ta Kamaru, kuma bilbil nake dafawa, wato burkutunmu na dawa. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba, da shi na rene 'ya'yana tun rasuwar babansu. Muna da ƙungiyar mata, Musulmi da Kirista. Duk Laraba muna réunion, wato taro, gida-gida, mai masauki ta yi tuwo a ci, sannan mu dama kunu mu kai wa majinyatan asibiti da suka zo daga ƙauye ba mai jinya. Ni ke ɗaukar babban kwanon a ka. Shugabarmu Hajja Aminatu, ita ta karɓi haihuwar autata, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Duk sanda layi ya zo kaina sai a tsallake ni. Yau a ce Yelwa nisa, gobe a ce hadari. Na yi ta naci har aka ba ni makon jiya. Goggo, sabuwar tukunya na saya fil! Na kai zakaru wurin Sulaimanu mahauci ya yanka da hannunsa, na kawar da randunan bilbil bayan ɗaki, na share gida kamar za a kawo amarya. Suka zo suka zazzauna bakin tabarma. Ina ajiye tuwo, Hajja ta ce azumi take. Fati ma azumi. Kaf ɗinsu azumi! Ran Laraba? Na tsufa cikin Musulmi, na san Litinin da Alhamis ake yi. Ni da 'yan'uwana Kirista, Léontine da Denise, muka tusa tuwon nan kamar muna haɗiyar ƙasa. Da aka tashi na raka su, ko kwanar layinmu ba a sha ba na hango Fati ta jefa goro a baki.

Wato kaina ya isa ɗaukar kwanonsu, hannuna ne ƙazami? Ran faretin ashirin ga Mayu, bikin ƙasarmu, zane ɗaya muka ɗaura ana ta 'yar'uwa 'yar'uwa, ashe a baki ne. Su Léontine sun ce in na fita za su bi ni, mu kafa tamu. So nake in je in zazzage musu tas a gaban kowa, sannan in fice. Ko kuwa?

Mai ƙunar rai, Yelwa.

'Yata, kina da gaskiyar yin fushi. Ƙarya suka yi miki a tsakar gidanki, ƙaryar ma da sunan ibada, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ana ramuwar azumi kowace rana, amma ba na taron dangi ba, kuma mai azumi ba ta cin goro a hanya. Fati ta ji kunya.

Sai dai ki duba nasu ɓangaren. Giya haram ce gare su, ba su kuma san tukunyar sabuwa ce ba, tunda ba ki faɗa ba. Su sun ji nauyin tambaya, ke kin ɗauka ido zai gani. Da ƙinki suke, da ba su tako Yelwa ba sam.

Kada ki kai wannan magana taro. Tonon silili a gaban jama'a sai ya sa kowa ta kafe. Ki sami Hajja ita kaɗai, ki gaya mata tukunya da yankan Sulaimanu da goron Fati, duka. Ki ce a maimaita taron a gidanki, ta zo da tukunyarta ku yi girkin tare. In ta zo, kin san matsayinki. In ta sake kawo uzuri, ki fita da mutuncinki, ba zan ga laifinki ba.

Amma ko me ake ciki, Larabar nan ki ɗauki kwanon nan ki kai asibiti. Mutanen da ke kwance can nasu azumin na dole ne, sai kin iso suke buɗe baki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya miki zuri'a.

Goggonku.