Ƙarfen da Kuka Ɓoye a Wuyan Salansa Ya Cinye Hannuwan Ƙanena

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke shigo mana da sabbin babura marasa karbirata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hamisu, bakanike ne ni a Dakoro. Ni da ƙanena Sanusi muka gaji rumfar gyara a wurin mahaifinmu, kuma tare muke aiki har zuwa damanar da ta wuce. Na buga waya ofishinku na Maradi har na gaji, shi ya sa na rubuta maka a bainar jama'a.

Na farko, abin da ya faru. Wata ranar kasuwa da hantsi, wani makiyayi daga wajen Bader Goula mai suna Bello ya turo mana baburinsa, irin naku. Bajiminsa ya sayar ya saye shi. Babur yana tari, yana zuƙar mai, jar fitila ta ƙi mutuwa. Sanusi ya duba ya ce sondi ce, wato ƙaramin ƙarfen nan mai kama da buji ko fulogi da kuke ɗaurewa a wuyan salansa, wanda ke shinshinar hayaƙi ya gaya wa inji yawan man da zai sha. Ƙura da gurɓataccen mai sun toshe ta, zafi kuma ya manne ta da salansar.

Ranka ya daɗe, ko ka taɓa leƙa inda kuka sa ta? Tana can ƙarƙashin inji, a bayan ƙarfen gangar babur, wurin da hannu ba ya shiga sai da ƙyar. Babu kile, wato sifana, a rumfarmu da ya kama ta. Muka zuba mai, muka jira, muka bubbuga, ko motsi. Na kira mutanenku, suka ce kilen kwance ta ba na sayarwa ba ne, a kawo babur Maradi. Na gaya wa Bello, sai ya ce da ni: “Malam Hamisu, matata ta shiga watan haihuwa, kuma rugarmu babu wani abin hawa sai wannan. In na tafi Maradi, wa zai kai ta asibiti?”

Sanusi ya ce a gasa wurin da wutar walda, ƙarfe zai saki. Haka muke yi wa kowane kusa da ya ƙi fita tun zamanin mahaifinmu. Ba mu yi ganganci ba: mun cire tanki, mun kai shi can gindin itacen bedi. Abin da ba mu sani ba shi ne, a wannan babur naku, robar mai tana riƙe mai da ƙarfi ko an kashe inji, kuma ta bi ta daf da wurin. Sanusi yana kwance a ƙasa, hannuwansa biyu a cikin wannan matsatsin, robar ta narke. Mai ya feso masa, wuta ta kama. Ya yi ƙoƙarin zaro hannuwansa, ramin ya riƙe su. Da rairayi muka kashe wutar, ni da Bello. Har yau ina jin warin.

Na biyu, halin da Sanusi yake ciki. An yi jinyarsa a nan, aka wuce da shi Maradi. Ya rayu, mun gode Allah. Amma yatsunsa sun ƙanƙance, sun manne da juna. Mutumin da ke kwance inji ya mayar kafin la'asar, yau matarsa Hadiza ke ba shi tuwo a baki, ita ke zuba masa ruwan alwala. Yana zuwa rumfa ya zauna a kan benci. Wani lokaci ya miƙa hannu zai ɗauki kile, sai ya tuna, ya mayar da shi cikin riga. Ya daina hira. Baburin Bello kuwa ya ƙone ƙurmus, sondin tana nan a manne. A amalanke aka kai matarsa asibiti, jaririn bai zo da rai ba. Bello bai taɓa tuhumar mu ba, har dubiya yake zuwa, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Na uku. Da labari ya kai ofishinku, amsar da aka aiko ita ce mun taɓa abin da bai kamata mu taɓa ba. To wa zai taɓa? Kun sayar da baburan nan har Birnin Lalle da Ɗan Gulbi, kun san babu garejinku ko ɗaya a duk faɗin yankin. Takardar da ke zuwa da babur, da harshen da babu mai karanta shi a nan aka rubuta ta. Babu wanda ya tara mu ya ce ga inda hatsari yake.

Ga roƙona. Ku kawo kilen sondin nan kasuwa, kowane bakanike ya iya saye. Ku turo wanda zai zauna da mu a Dakoro ya nuna mana, da Hausa, yadda ake sauke ƙarfin man kafin a kusanci wurin. Ku gaya wa masu ƙera babur ɗin su matso da sondin inda hannun mutum ke kaiwa. Ku mayar wa Bello abin hawansa. Sanusi kuma, likitoci sun ce akwai aikin raba yatsu da ake yi a Yamai, wanda ya fi ƙarfinmu. Ku ɗauki nauyinsa. Ko bai koma gyara ba, ya iya ɗaukar ɗiyarsa.

Ban yi maka mugun fata ba. Allah ya tsare ka, ya tsare zuri'arka daga wuta ta duniya da ta lahira, ya bar maka hannuwanka lafiya har ƙarshen rayuwarka.

Wassalam.

Hamisu bakanike,
Dakoro.