Sa Hannun Ɗalibai Don Rediyon Garinmu

Faisal, Juma'a da dare, Maris 2013

Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Hukumar kula da gidajen rediyo a gida ta nemi ra'ayin masu sauraro kafin ta sabunta lasisin rediyon garinmu, inda nake jin sanarwar rasuwa ta intanet. Mako biyu ina bin ɗalibai 'yan garinmu a unguwar Darrasa, nan Masar, suna sa hannun goyon baya, bisa ƙa'idar ƙasidar hukumar, wadda ta ce ranar aiki ta ƙarshe a makon nan za a rufe karɓa.

Jiya Alhamis aka ɗauke wuta, ban samu na tura takardun gida ta intanet ba. Na kwana ina ganin na ci amanar mutane.

Da hantsi na kira ƙanena Sani in shaida masa. Ya fashe da dariya: "Haba Yaya, Masar ta cinye ka! Mu nan Juma'a ofis a buɗe yake. Turo maza!"

Shekara tara a ƙasar da ake hutun Juma'a ta mantar da ni wannan. Na tura, ya buga, ya kai ofishin hukumar kafin masallaci.

Ko za a sabunta, Allah ne masani. Na dai sa ya aiko mini hoton hatimin karɓa, kuma sau uku na duba kwanan watan da ke jikinsa.