Launin Bangon Ɗakin Habi

Wurno, 4 ga Jimada Lawwal

Zuwa ga ɗiyata Kyauta, matar Mainasara, a Rimawa.

Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, ina lahiyar maigidanki da yara? Ina zahin bazara? Mu nan sai godiya. Ubanki ne, Maigandi baduku. Malam Attahiru ke rubuta mani, na ce mashi shi sa magana yadda ta hito bakina, kar shi yi mata kwalliya.

Ba don abin da ya wuce nike aiko maki ba. Ranar sadakar arba'in ɗin uwarki kin ce in tattara in koma wurinku, ni kuma nic ce ni ba akuya ba ne da za a ja a ɗaure gidan suruki. Mutane sun ji, kin tahi ba sallama. Shekara biyu ke nan. A bar shi nan.

Ɗakin uwarki Habi, Allah shi jiƙan ta, ya tsage. Mode magini ya duba, yac ce sai an sake azara an yi sabon yaɓe ciki da waje kahin ruwa shi sauka, in ba haka ba damanar bana ta kwantar da shi. Azara ban damu ba. Yaɓen ciki ne ya hana ni sakat, don shi za shi ruhe launin nan nata.

Kin san shi. Ba ja ba, ba hwari ba, kamar ɓawon albasa na can ciki. Shekara uku bayan Nasara sun shiga Sakkwato anka kawo ta gidanga, tun lokacin kuma ba babbar Sallar da ta zo ba ta shahe bangon nan da shi ba. Ni da jar hwatata ake nema har kantin Turawa, kullum sai in ce mata wanga ja ne da ya ji tsoro. Ita kuma ta ce ja ne mai kunya, ban gane shi ba don ni da kunya ba mu taɓa gamuwa ba.

Na riƙe sunan duk wanda ya gina gida a shiyarga, na riƙe shekarar da kowace rijiya ta ƙahe, amma ban taɓa tsayawa na dubi hannunta tana haɗi ba. Ke ce mai riƙe mata ƙwarya. Ki aiko mani yadda ake yi ta hannun Gajere mai jakai.

Ki gaida kowa. Ubanki, Maigandi.

Wurno, 21 ga Jimada Lawwal

Zuwa ga ɗiyata Kyauta.

Gaisuwa da tambayar lahiyarku, ke da maigidanki da yara. Allah shi sa kuna cikin alheri.

Gajere ya dawo sau biyu. Na tare shi bakin kasuwa, yac ce ya ba ki takarda hannu da hannu, kin sa an karanta maki, kin shiga ɗaki. To.

Ban zauna jiran ki ba. Na daka karan dahi, ɓawon jar dawar nan da muke rina hwata da shi, na jiƙa da ruwan toka, ya hito ja sosai. Na ɗebo hwarar ƙasa na yi ta zubawa ciki. Kwando guda ya ƙare, abin ya koma kamar hanta. Na ƙara, ya koma kamar tukunyar da ba ta gasu ba. Gajere ya kawo mani galura daga kasuwar Rabah, irin ta kanti, wai sunanta ruwan hoda. Na gwada ga bango. Ihu take yi kamar an taka ta. Na zubar bayan gida.

Matan maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Tsohuwa Gambo ta ce tunda na kama aikin mata, in na gama in zo in taya ta kaɗi. Na ce mata ta kawo mazarin, zaren nata ma ai igiyar ɗaure jaki ne.

Mode ya kankare bango ya yi yaɓe. Na tsaya kanshi har ya bar mani wuri ɗaya, kwatancin mahucin hannu, wajen da uwarki ke aje kai, don in riƙa gwadawa. Shina ta mita wai wurin za shi ja ruwa. Shi ne kaɗai ya rage, Kyauta. Idona na dama kuma yanar ido ta ruhe shi, na hagun ma sai rana ta ɗaga.

Waɗanda sunka san ɗakin nan da kyaunshi sun ƙare. Ƙawayenta duk an kai su kushewa. Wanki Isa tun da anka ɗebe su soja zuwa yaƙin Bama ba takarda. Tuwo daga gidan Mode ake aiko mani, in ci ni ɗaya bakin zaure, in wanke akushin da kaina.

Malam Attahiru ya aje alƙalami yac ce in nemi gahwararki. Na ce mashi aikinshi rubutu ne. To, shi rubuta: maganar akuya, bakina ya riga hankalina. Iyakar abin da za ni ce ke nan.

Ubanki, Maigandi.

Wurno, 9 ga Jimada Lahir

Zuwa ga ɗiyata Kyauta.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Na ji ƙaramin ya yi zazzaɓi, Allah shi ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso ta bakin Gajere. Sau uku na sa shi maimaitawa. Wai ba a somawa da ja. A dama hwarar ƙasa da ruwan ƙaro, kana a tsoma tsinken tsintsiya cikin ja, a ɗiga, a motsa, a shahwa ga sakaina, kar a yanke hukunci sai ta bushe.

Tsinke! Ni da nike kamfatar ja da ludayi tun ina saurayi. A aikinmu ja shi ne uba, komi bayanshi yake bi, ban taɓa zaton ana bari shi shigo daga baya kamar baƙo ba. Na ce ma Gajere ƙarya shike, yac ce to in hau jaki in je in tambaye ki da kaina.

Na yi yadda kinka ce, kuma ya kama hanya. Amma ranar Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas, Mode bai gama ruhin ba. Na shiga da tabarma na danne wurin nan da ƙirjina. Ruwa ya biyo ta sama, ta bayan yaɓen. Ina riƙe da shi ya saki, ya zube mani ga ƙahwa, laka kamar kowace laka. Mode bai ce ai na hwaɗa maka ba. Da ya ce ma ya hi mani sauƙi.

Yanzu ba abin gwadawa. Na haɗa kashi uku, tsinke biyar, bakwai, tara. Duk wanda na nuna ma sai shi ce ya yi, Baba. Gambo na nuna mata ukun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta rantse shi ne. Tausayina suke ji, na gani.

Ga sakaina uku nan cikin tsumma, na yi ma kowace tsaga a baya gwargwadon tsinkenta. Ki duba su da hantsi, cikin inuwa. Kar ki ji tausayina.

Ubanki, Maigandi.

Wurno, 27 ga Jimada Lahir

Zuwa ga ɗiyata Kyauta.

Bayan gaisuwa, ina ruwa, ina aiki? Na ji kun yi shuka, Allah shi ba da damana mai albarka.

Gajere ya maido mani sakaina uku yadda sunka tahi. Ya tsaya nesa kahin shi yi magana. Wai kin ce ba ko ɗaya, ta biyar ɗin ma ta cika ja, a yi huɗu, kuma Baba har yau hannunshi nauyi gare shi.

Yini guda na yi ina hwaɗa. Na ce yarinyar da nir rena ita za ta koya mani ja? Da sahe na dama, na ɗiga huɗu, na shahwa, na hita na ja ƙohwa. Ban leƙa ba sai azahar.

Shi ne, Kyauta. Da ido ɗaya ma na gane shi. Na tsaya tsakar ɗaki har bakina ya buɗe in ce ja mai tsoro, sai nit tuna ba mai amsa mani.

Tun rasuwarta ba wanda ya dube ni yac ce na yi kuskure sai ke. Na gode.

Na ji ba ki samun zuwa sai bayan girbi. Na shahe bango uku. Na gabas na bar shi hwari. Mode shina zaton kahwaɗata ce ta gaza, na ƙyale shi da zatonshi. Hwarar ƙasa tana nan cikin kwando, ja kuma na ruhe shi cikin tulu, ba mai taɓawa sai kin zo. In girbin ya yi nisa, bango ba ya zuwa ko'ina, ni ma haka.

Ki gaida Mainasara, ki ce mashi na gaishe shi da sunanshi. Ki shahwa mani kan yara.

Ubanki, Maigandi baduku, Wurno.