Abin da Hennie Mai Burodi Take Faɗa

Cluj, 3 ga Maris

Kawu Dorin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin walda? Mama na gaishe ka, ta ce ka rage taba.

Saura wata biyu mu yi jarrabawar hira da Holanci, malamarmu kuwa ta ce ina magana kamar littafi. Shekararka tara a Rotterdam. Don Allah ka rubuto mini irin maganganun da kake ji a titi.

'Yarka,
Ilinca

Rotterdam, 15 ga Maris

Ilinca,

Lafiya lau nake. Ki ce wa uwarki ta ji da kanta.

Holancina na wurin aiki ne, rabinsa zagi, ba zan rubuta miki ba. Ga dai ɗaya mai tsabta. Akwai Hennie da nake sayen burodi a shagonta, mijinta ya rasu, mace mai kirki. Asabar uku a jere tana ce mini, "Ik nodig je zondag voor het eten uit." Abokin aikina ne ya gyara mini rubutun, yana ta murmushi, ban san dalili ba. "Nodig" dai buƙata ke nan, wato tambayata take ko ina buƙatar ƙarin burodi. Sai in ce a'a, na gode, in fita. Wannan Asabar ɗin ko kallona ba ta yi ba. Mutanen nan sai a hankali.

Kawunki

Cluj, 22 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. A cikin bas na karanta wasiƙarka, na yi dariya har aka juyo ana kallona, daga baya tausayin matar ya kama ni.

A Holanci akwai kalmomin da ke rabewa biyu, kai a farkon magana, wutsiya a ƙarshe. "Nodig" shi kaɗai buƙata ne, amma idan "uit" ya biyo can baya, ya zama gayyata. Cewa take ka zo cin abinci ran Lahadi. Sau uku ka ce mata a'a, Kawu.

Ka goge riga, ka je ka ce, "Sorry, ik kom graag," wato ta yi haƙuri, za ka zo da murna. Kuma ka tsaya ta gama magana.

Ka huta lafiya,
Ilinca

Rotterdam, 6 ga Afrilu

'Yata,

Na je, na faɗa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ƙarfe shida. Dankali da kabeji ta dafa, gishiri bai ji ba, na ci faranti biyu.

Ki aiko mini littafinki na Holanci na aji ɗaya. Matar nan tana da magana da yawa, ni kuma ina so in ji.

Allah Ya yi miki albarka,
Kawunki