Tambayoyin Mota a Ƙauyen da Mota Ba Ta Zuwa

Tambuwal,
tsakiyar damana.

Zuwa ga Yayana Nasiruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce ta ban-girma daga ƙanwarka Ni'imatu, da fatan za ta iske ka lafiya, kai da Yaya Ruwaida da ɗiyarmu Ihsan. Ya Duwala, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman nesa? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nema, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau sai godiya. Maigidana Malam Haliru ya yi fama da zazzaɓi a farkon ruwa, amma ya tashi, har ya koma makaranta. Abdulhakeem ya fara haɗa baƙi, Khairat kuma tana haƙora, ba ta barin kowa ya huta. Geron da muka shuka a Jabo ya yi kyau, in ruwa ya ƙarasa lafiya za a samu abinci. Na zaɓi in rubuta maka in ɗauki hoton takardar in turo, domin duk lokacin da na kira ka da niyyar faɗin abin da ke raina, ko waya ta katse ko murya ta ƙi fita.

Ka tuna na gaya maka na samu ɗan aiki na hutun makaranta. Wani kamfanin bincike ne ya ɗauke mu, mu bi gida-gida a ƙasar Tambuwal da Kebbe muna tambayar mutane yadda suke tafiye-tafiye: me suke hawa, ina suke zuwa, kuma ko sun gamsu da abin hawan da suke samu. An nemi mata ne saboda mu ke iya shiga cikin gida. Aka ba kowa wata na'ura mai kama da babbar waya, ita ke fito da tambaya, mu karanta, mu taɓa amsa. Shugaban ayarinmu wani dattijo ne, Malam Maccido, mutum mai haƙuri da tsoron Allah. Da farko na ji daɗin aikin ƙwarai. A cikin Tambuwal da Sanyinna mutane suna da ta cewa: tsadar kabu-kabu, cunkoson mutum a kan mutum a motocin kasuwa, direban da ba ya tashi sai ya cika har saman but. Na ɗauka in aka tara maganganun ga wuri ɗaya, wani babba zai gani ya yi wani abu.

Da muka nausa ƙauyukan Kebbe sai abin ya fara yi mini nauyi. In na tambayi mace ko ta gamsu, in karanta mata zaɓi, ta gamsu ƙwarai, ta gamsu, ko ba ta gamsu ba, sai ta ce alhamdulillahi. In sake tambaya, ta ce ai sai godiyar Allah. Wata a Fakku ta gama ba ni labarin yadda ta haihu a gefen hanya bayan mashin ya kafe da ita a laka, ina tambayarta ta ƙarshe ta ce alhamdulillahi, tunda ita da jinjirin sun rayu. Na'ura ba ta da gurbin wannan amsa, kuma ba ta wucewa gaba sai an taɓa ɗaya. Na kai wa Malam Maccido, ya ce a horon da aka yi musu an hana mu fassara zuciyar mutum, abin da ya fi kusa da furucinsa za mu taɓa. Haka na yi ta taɓa cewa sun gamsu, hannuna yana yi, raina yana ƙi. Ga shi duk inda muka sauka ana karɓarmu kamar mun zo da hanya a cikin jaka. Muna karanta musu tun farko cewa ba mu yi alkawarin komai ba, su ce sun ji, sannan a kawo fura, a bi mu da addu'a har bakin gari.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Goggo Inno. Cikin garuruwan da aka rubuta mana har da Tungar Na'Allah inda take zaune, can bayan Fakku. Da na ga sunan na yi murna, na ce aiki ya kai ni inda zumunci ya daɗe bai kai ni ba, don rabona da ita tun kafin azumi, kuma ka san waya ba ta kamawa a can. Na saya mata goro da sabulu. Motar aikinmu ta tsaya a bakin rafin nan da ka sani, domin kwalbatin ya karye tun ruwan farko, ruwa ya cinye hanyar gaba da baya. 'Yan kabu-kabu ne suka ɗaga mashinansu a ka suka haye, mu kuma aka riƙe mana hannu, ruwa har ƙirji, na'ura a cikin leda bisa kaina. Daga can muka hau mashin cikin laka har cikin gari.

Na yi sallama a gidan ban ji muryarta ba, ita da take amsawa tun kana zaure. Ɗanta Namadi ya fito, yana ganina ya sunkuyar da kai. Na iske ta kwance a ɗaki bisa tabarma, ta rame har sai da na dube ta sau biyu. Ashe tun farkon damana ta faɗo daga kan mashin a hanyarta ta dawowa daga ta'aziyya a Kebbe, ƙashin ƙugunta ya karye. An kira mai ɗori ya yi iya yinsa, ɗorin bai kama ba. Ba ta iya zama, ba ta iya juyawa sai an juya ta, kuma kwanciyar ta fara buɗe mata rauni a baya. Na yi wa Namadi faɗa don me bai aiko ba, ya ce ita ta hana, ta ce kai kana nesa, ni ina da ƙananan yara, kada a ɗaga mana hankali a kan abin da zai warke. Ta kama hannuna ta yi ta shafawa, tambayarta ta farko kai ne, ko kana cin abinci, ko ciwon kan nan naka na yarinta yana tashi. Ka san tun da Baba da Inna suka rasu ita kaɗai ta rage mana, kuma kai ta goya ta yaye, ba ni ba.

Ban iya ci gaba da aiki a ranar ba. Na samu Malam Maccido na roƙe shi motar kamfani. Ya ce doka ta hana a ɗauki wanda ba ma'aikaci ba, amma in muka haye da ita rafi zuwa gefen da mota take, shi zai ɗauki laifin, zai sa direba ya kai ta asibiti a Tambuwal. Allah Ya saka masa. Washegari da safe muka shimfiɗa katifa a amalanken shanu, maza suka ɗauko ta a hankali, na zauna na rungume kanta. Yaya, ban taɓa jin Goggo ta yi kuka da murya ba, ko ranar da aka fita da Baba. Ranar na ji. Duk ramin da ƙafar amalanke ta faɗa sai ta ƙwalla ƙara ta kira sunan Allah. Ba mu wuce gonakin bayan gari ba ta some a hannuna. Muka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, Namadi ya dubi sauran tafiyar da ke gaba, ya dubi uwarsa, ya juya shanun da kansa yana hawaye. Ban hana shi ba. Matasan gari suka ce za su ɗauke ta a kan gado bisa kafaɗa, ta ce ba za a fita da ita daga gidanta kamar gawa ba alhali tana numfashi. Ko da ta yarda ma, dattawa sun ce ba mai iya haye rafin nan da gado a wannan ruwa ba tare da ƙafar wani ta zame ba. Motar ta jira mu har azahar, sannan ta juya, domin direbobi ba sa son yamma ta yi musu a hanyar nan saboda halin rashin tsaro da ake ciki.

Na samu wani ma'aikacin lafiya daga Kebbe ya yarda ya haye ya duba ta. Ya wanke raunin, ya yi mata allura, ya bar magungunan rage zafi, ya koya wa matar Namadi yadda za ta riƙa juya ta. Da muka fito waje ya gaya mini gaskiya, cewa wannan karaya ba ta gida ba ce, sai an ɗauki hoto, kuma mai yiwuwa sai an yi aiki a Sakkwato. Ya ce mota mai shimfiɗa kaɗai za ta iya ɗaukarta, mota kuwa ba za ta shiga Tunga ba sai ruwa ya janye ƙasa ta bushe, wato sai bayan an yanke gero. Na tambaye shi ko jikinta zai kai lokacin, ya ce wannan sanin Allah ne, amma raunin baya shi ya fi ba shi tsoro.

Kafin mu bar garin sai da na cike tambayoyin gidansu, don yana cikin waɗanda aka zaɓa, kuma ita ce babba a gidan. Tambayar farko ita ce ko ta hau wani abin hawa a 'yan makonnin nan. Amalanke ba ya cikin jerin. Na taɓa a'a. Nan take na'ura ta tsallake duk sauran tambayoyin, ta rubuto cewa a gode wa mai amsa, an kammala. Ashe wanda bai yi tafiya ba ba a tambayarsa komai, ko dalilin da ya hana shi. Na tsaya riƙe da abin a hannuna, Goggo tana kallona tana jira, don ta ji maƙwabta suna cewa tambayoyin da yawa, har ta shirya abin da za ta faɗa a kan kwalbatin. Sai na ce ta faɗa, na yi kamar ina rubutawa. Ta yi bayani dalla-dalla, ta ce a gaya wa masu aikin ba don ita ba, don mata masu ciki.

Da muka taru a Tambuwal ranar rufe aiki na faɗi duk wannan a gaban kowa. Abokan aikina da yawa suka ce su ma sun gamu da irinsa. Malam Maccido ya ce zai rubuta a bayaninsa na ƙarshe, kuma na san zai rubuta, amma ya ce kada ya ruɗe ni, shi ma ɗaukarsa aka yi kamar mu, bai san wanda zai karanta ba, bai ma san ko a wane gari yake ba. Muka miƙa na'urorin aka sallame mu. Na je sakatariyar ƙaramar hukuma a kan maganar kwalbatin, aka karɓe ni da mutunci, aka ce an sani, sai dai ba a aikin hanya da damana. Makaranta ta kusa komawa, Malam Haliru ya bar ni in riƙa zuwa ranar kasuwa in ruwa bai yi yawa ba. Ina kai magani da ɗan abin marmari, in wanke ta, in dawo. Iyakar abin da nika iyawa ke nan, kullum kuma ina iske ta ta ƙara raguwa.

Zuwana na baya na gaya mata zan rubuto maka. Ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in canza. Ta ce in gaishe ka, in ce ta yafe maka duniya da lahira, ba ka taɓa saɓa mata ba. Ta ce kada ka kuskura ka taso da damanar ga, hanya ba ta da kyau, rafi yana da ƙarfi, kai kuma ba ka iya ruwa ba tun kana yaro, ka bari sai rani. Na isar da saƙonta kamar yadda ta faɗa. Amma ni da nake juya ta da hannuna, Yaya, ina roƙonka kada ka jira rani. Ba don zuwanka zai fitar da ita ba, na riga na duba ta ko'ina ban ga hanya ba. Ka zo ta gan ka. Namadi ya ce shi zai riƙe hannunka a rafin.

Ka gaida Yaya Ruwaida da kyau, ka shafa mini kan Ihsan. Ka gaida Alhaji Atiku maƙwabcinku da iyalinsa. Malam Haliru yana gaishe ka, haka Namadi da matarsa, Abdulhakeem kuma ya ce a gaida Kawu. Ka sa Goggo a addu'a a kowace salla. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
ƙanwarka,
Ni'imatu.