Lambar Bakwai a Jikin Faranti

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau.

An ɗage ranar kare digirina. Kada Inna ta ji tukuna.

Ƙwayoyin bakteriyar da nake bincike a kansu suna da wata ƙwayar gado mai aikin maigadi. Da an zuba musu haidirojin, ruwan kumfar nan na wanke ciwo, sai ta tashi sauran ƙwayoyin gadon su ba da kariya. Na cire ta, wata shida suna mutuwa yadda na rubuta. Ran Litinin na ɗauko farantin gwajin da nake kiwonsu a ciki daga firij, na tarar da su a raye.

Malamina ya ce, "Ko sakamakon baya gyara shi kika yi?"

Abokin aikina ya yi dariya: "Ƙila sun ɗauki sabon maigadi."

Dariyar ba ta kwanta mini ba. Lambar bakwai da ke jikin farantin ba ta da ratsi a tsakiya, ni kuwa da ratsi Baba ya koya mana. Makullin firij biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya nasa.

Ina cin abinci, barci ne sai a hankali. Ki turo mini hoton tsohon littafina na lissafi su ga yadda nake rubuta bakwai, Allah ya bar zumunci.

An aika farantin a duba ko ƙwayoyina ne. Sakamako sai Alhamis.

Ƙanwarki