Ba Maganin Ciwon Kai Ba Ne

Illela, Nuwamba 1986

Zuwa ga Bilki, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar gawo a tsakiyar rani,

Na ji kawunki Jaɓɓo zai shigo ranar kasuwa ya yi bincike a kaina, kamar yadda ake yi kafin a ba da aure. Gara ki ji daga bakina kafin ya ji a rumfar 'yan canji.

Kin tuna ranar da kika dama mini fura a gidan yayarki, kika ga na haɗiyi ƙwaya, kika ce mi ne ne wannan? Na ce maganin ciwon kai. Ƙarya na yi miki, kuma tun ranar fura ba ta yi mini daɗi ba.

Ciwo gare ni mai hawa da sauka, shekara goma sha ɗaya ke nan. In ya hau, barci ya ƙaurace mini, magana ta yi ta zuba. In ya sauka, ko alwala da ƙyar. Da azumin bara dangi suka ce iska ce, mai imani ba ya dogara da ƙwaya, sai na ajiye maganin. Ran sha biyu ga wata na taka har Ƙonni ba takalmi, ina yi wa jandarmomin kan iyaka wa'azi. Wannan ne abin da Kawu zai ji, kuma gaskiya ne. Ba lalle a gaya masa cewa limaminmu da kansa ya raka ni wurin likita a Sakkwato ba, yana cewa neman magani ba ya rage tawakkali. Tun daga nan ban tsallake rana ban sha magani ba.

Ga littafina na kullum, ki duba. Jan layi hawa ne, baƙi sauka, shafin da ba layi lafiya. Ki nuna wa Kawu in kin ga dama.

Za ki ce me ya sa na daɗe ban furta miki ina son ki ba? Tsoro na ji, ya hasken safiyata! Ciwon nan kan sa mutum ya so abu da zafi, bayan mako biyu ya manta. Shi ya sa na jira wata biyar, ina shan magani, ina barci isasshe, ina duba zuciyata kowace safiya. Shafukan duk farare ne, Bilki, kuma sunanki na cikin kowanne. Ba ciwon ne ke son ki ba, ni ne.

Ban yi alkawarin warkewa ba. Na yi alkawarin ba zan sake ɓoye miki ko layi ɗaya ba.

Naki, da ja da baƙi da fari, har iyakar kwanana,
Halilu